Tururi da Takarda Mai Sheƙi: Yadda Ake Auna Shi da Yadda Ake Sarrafa Shi

Duk wanda ya ɗauki kalandar bango ko mujalla mai hotuna ya karkata ta wajen haske zai ga tana walƙiya, alhali takardar littafin rubutu ba ta yin haka. Da yawa daga cikin ɗalibai suna zaton mai aka shafa mata, ko kuma leda aka lulluɓa. Gaskiya ne akwai bangon littafin da ake manna wa leda bayan an gama bugawa, amma takardar mujalla da ta kalanda tun daga masana'anta take fitowa da sheƙinta. Abubuwan da ke haifar da shi su ne farar ƙasa, da dannawa, da kuma zafi mai tafe da laima. Wannan zafi kuwa tururi ne yake ɗauke da shi daga tukunya zuwa duk inda ake bukatarsa. Idan ya yi yawa takarda ta lalace, idan ya yi kaɗan ma ta lalace, saboda haka auna shi da sarrafa shi suna cikin manyan ayyukan kowace masana'antar takarda, a Finland take ko a Jamus, a Kanada ko a Sin.

Mene ne sheƙi?

Haske idan ya faɗa kan abu mai santsi, kamar madubi ko ruwan tafki da ba ya motsi, yakan koma ta fuska guda. Idan ya faɗa kan abu mai kaushi sai ya watsu ko'ina. Na farkon shi ido ke gani a matsayin sheƙi. To amma santsin da haske yake nema ba irin wanda yatsa ke ji ba ne. Tsawon igiyar hasken da muke gani yana tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7, ita kuwa maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita. Zaren itacen da ake yin takarda da shi faɗinsa yakan kai maikiromita 20 zuwa 40. Ke nan a wurin haske, takardar rubutu tamkar gona ce da aka yi wa huɗa, kunya nan kwari can. Ganyen mangwaro yana sheƙi ne saboda wata fata mai kakin zuma da ta cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin halittarsa, kuma dabarar masu yin takarda ba ta yi nisa da wannan ba.

A masana'anta ba a dogara da ido. Ana haska takardar a karkace, galibi a kusurwar digiri 75, sannan a auna hasken da ya koma ta ɗaya ɓangaren, a kwatanta shi da na wani baƙin gilashi da aka goge. Takarda mai sheƙi sosai takan haura maki 60 ko 70 a wannan ma'auni.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan bugu a Kano ya riga ya ga rabin wannan ilimi. Ana ninke shadda a ɗora a kan gungume, a yayyafa mata ruwa kaɗan, a yi ta dukanta da tabarya har zarurrukanta su kwanta, ta ɗauki ƙyalli. Mai guga ma ya san busasshen yadi ba ya jin dutsen guga sai an fesa masa ruwa. Me ya sa sai da ruwa? Amsar tana cikin ilimin halittu.

Bangon ƙwayar halittar tsiro an gina shi ne da selulos, wanda masanin Faransa Anselme Payen ya fara warewa a 1838. Selulos sarƙa ce mai tsawo ta ƙwayoyin sukarin gulukos, kuma sarƙoƙin suna riƙe da juna ta wata 'yar alaƙa ta haidurojin. A cikin itace akwai kuma lignin, wanda ke manne zarurrukan kamar yadda siminti ke manne bulo. Ruwa idan ya kutsa tsakanin sarƙoƙin nan sai ya sassauta riƙon da suke yi wa juna, zaren ya yi laushi. Zafi ma haka yake yi, kuma idan aka haɗa su biyun, zaren yakan yi laushi a zafin da bai kai wanda busasshe ke bukata ba. Idan aka danne shi a wannan hali, sannan ya bushe ya huce, sai ya zauna a sabuwar sifarsa. Wannan alaƙa ta haidurojin ita ce kuma ke riƙe da takarda ba tare da an sa mata gam ba: yayin da ruwa ke ficewa, zarurruka ke matsowa kusa su kama juna.

Daga ƙullu zuwa ganga

Bisa tarihin ƙasar Sin, wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ne ya gabatar wa sarki hanyar yin takarda a shekara ta 105, kuma ƙarni da yawa bayan nan da hannu ake yin ta, a shanya ta falle-falle. Nicolas-Louis Robert ya ƙirƙiro injin yin ta a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, 'yan'uwan Fourdrinier suka zuba kuɗi aka inganta shi a Ingila, sannan a wajajen 1820 Thomas Crompton ya sami haƙƙin mallakar hanyar busar da ita a kan ganguna masu zafi. Har yau bisa wannan tsari ake tafiya.

Ƙullun da ake zubawa a bakin injin kusan ruwa ne zalla, domin zaren da ke ciki bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Yana gudu a kan wata raga mai tsawo, ruwa yana tsiyayewa, har zaren ya kai kamar kashi 20. Daga nan sai matsa, inda ake bi da shi tsakanin manyan naɗe-naɗen ƙarfe, zaren ya kai kashi 40 zuwa 50. Ruwan da ya rage a nan ba ya fita da matsa, don yana cikin jikin zaren ne, sai dai a ƙone shi da zafi. Takardar sai ta bi ta kan ganguna na ƙarfen zubi, guda arba'in ko sittin ko fiye, kowace faɗin bakinta mita 1.5 ko 1.8, kowace kuma cike da tururi. Tana fita da laimar da ba ta wuce kashi 5 zuwa 7 ba.

Bari mu yi lissafi na misali. Injin da ke fitar da tan 40 na takarda a awa ɗaya, idan takardar ta shiga gangunan da zare kashi 45 ta fita da kashi 94, dole ya ƙone ruwa kusan tan 44 a kowace awa. Tun da kowane kilogiram na ruwa yana cin tururi kamar kilogiram 1.3, ana bukatar tururi wajen tan 57 a awa. Mai karatu zai iya gwada lissafin da kansa ya ga wani abin sha'awa: da matsa za ta ƙara kashi ɗaya tak, wato daga 45 zuwa 46, aikin gangunan zai ragu da kusan kashi 4 cikin 100. Shi ya sa injiniyoyi ke ta fafutukar inganta matsa, don ruwan da aka matse ya fi wanda aka ƙone araha nesa ba kusa ba.

Ina tururin yake fitowa? A masana'antun da ke dafa itace da sinadari, bisa hanyar da Bajamushe Carl Dahl ya ƙirƙiro a wajajen 1879, lignin yana narkewa ya zama wani baƙin ruwa mai kauri. Ana kafe wannan baƙin ruwa a ƙone shi a wata babbar tukunya, a sami tururi, a kuma kwato sinadaran a sake aiki da su. Wato rabin itacen ya zama takarda, ɗaya rabin ya zama makamashin busar da ita, kuma dukansu biyu daga hasken rana ganye ya tara su. Wasu masana'antun kuwa ɓawon itace suke ƙonawa, ko iskar gas. Tururin yakan fito da matsi mai tsanani da zafin da ya haura digiri 400, a fara bi da shi ta injin samar da lantarki, sannan a fesa masa ruwa kaɗan ya sauko daidai yadda ganguna ke bukata.

Me ya sa tururi?

Kilogiram ɗaya na ruwa yana bukatar kilojul 419 kafin ya tashi daga digiri 0 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas. Amma kafin wannan tafasasshen ruwan ya zama tururi yana bukatar ƙarin kilojul 2,257, fiye da ninki biyar ke nan, kuma duk tsawon wannan lokaci ma'aunin zafi ba zai motsa daga 100 ba. Joseph Black ne ya gano wannan a Glasgow a farkon shekarun 1760, ya kira shi ɓoyayyen zafi. Zafin bai ɓace ba, ajiye yake. Da zarar tururin ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa, kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya, sai ya saki ajiyar gaba ɗaya. Da wannan ajiya madambaci ke dafa dambu, kuma saboda ita ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni.

Akwai wata ɗabi'a ta biyu wadda ta sa tururi ya zama mai sauƙin sarrafawa. Zafin da ruwa ke tafasa ya danganta da matsin da ke kansa. A bakin teku digiri 100 ne, a tsaunin Jos kuwa kamar 96. Idan aka rufe tukunya aka ƙara matsi, sai lissafin ya haura. Ana auna matsi da wani ma'auni mai suna bar, kuma bar ɗaya ya yi kusa da nauyin iskar da ke kanmu. A bar 2 tururi yana da zafin digiri 120, a bar 5 yana da 152, a bar 10 yana da 180. (Waɗannan alƙaluma sun haɗa da nauyin iskar sarari. Agogon matsi da ke jikin bututu galibi abin da ya ɗara nauyin iska yake nunawa, don haka sai a ƙara masa ɗaya.) Muddin tururi da ruwansa suna tare a cikin ganga, kowane matsi yana da zafinsa guda, ba ya kaucewa. Ke nan wanda ya riƙe matsi ya riƙe zafi. Auna zafin gangar da ke juyawa da gudu abu ne mai wuya, amma auna matsi a bututun da ke tsaye ba wuya.

Auna abin da ba a gani

Farin hayaƙin da muke gani a bakin buta ba shi ne tururin ba, ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce. Tururi na ainihi ba shi da launi. Yana kuma gudu cikin bututun ƙarfe da aka naɗe da abin tare zafi, da saurin mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa. To yaya za a san kilogiram nawa ya wuce?

Tsohuwar hanya, wadda har yau ba a daina amfani da ita ba, ita ce faranti mai huda. Ana gitta wani siririn faranti a cikin bututun, mai rami a tsakiya wanda bai kai faɗin bututun ba. Tururi idan ya zo ramin dole ya ƙara sauri, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara gudu idan aka toshe rabin bakinsa da yatsa. Daniel Bernoulli na ƙasar Siwizalan ya nuna a littafinsa na 1738 cewa inda sauri ya ƙaru matsi yakan ragu. Saboda haka sai a huda bututun gaba da bayan farantin, a auna bambancin matsin wuraren biyu. Abin lura a nan shi ne bambancin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. Idan gudu ya ninka biyu, bambancin matsi ninkawa huɗu yake yi, idan ya ninka uku sai ya ninka tara. Haka kuma idan gudu ya sauko zuwa rubu'i, bambancin zai koma kashi ɗaya cikin goma sha shida, ya yi ƙanƙantar da na'ura za ta fara ruɗewa. Wannan shi ne raunin faranti mai huda: yana da araha, ba shi da wani abu mai motsi da zai lalace, amma ba ya son gudun da ke hawa da sauka da yawa. Bugu da ƙari, bakin ramin dole ya kasance da kaifi, kuma ɗigon ruwa da ke tafe cikin tururi suna cinye kaifin a hankali, awon ya riƙa karkacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa. Lokacin hunturu idan iska ta kaɗa da ƙarfi, wayoyin lantarki sukan yi fito. Masanin ƙasar Cek Vincenc Strouhal ya binciki wannan fito a 1878, daga baya Theodore von Kármán ya yi bayaninsa a 1911 da 1912. Iska idan ta ci karo da sanda, takan saki ƙananan guguwa a bayan sandar, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, bi da bi, kuma yawan guguwar a daƙiƙa yana tafiya daidai da saurin iskar. Ga sanda mai zagaye, ana ninka saurin da kamar 0.2 a raba da kaurin sandar. Alal misali, sanda mai kaurin santimita 2.5 a cikin tururi mai gudun mita 25 a daƙiƙa za ta saki guguwa kusan 200 a daƙiƙa. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara sayar da na'urorin da ke aiki da wannan dabara. Ana kafa sandar a tsakiyar bututu, a sa wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u mai fitar da lantarki idan an matsa shi, shi kuwa ya yi ta ƙirga bugun guguwar. Wannan na'ura tana jure hawa da saukar gudu fiye da faranti, sai dai girgizar bututu takan ruɗe ta, kuma idan gudun ya yi ƙasa ainun guguwar takan daina fita. Dukansu biyu suna bukatar miƙaƙƙen bututu mai tsawo a gabansu, domin kwana da bawul suna hargitsa gudun.

Har yanzu da sauran aiki. Na'urar guguwa sauri take aunawa, wato yawan litar da ta wuce, alhali zafin yana cikin nauyi ne. Tururi kuwa yana matsuwa. Lita 1,000 na tururi a bar 1 nauyinsu kilogiram 0.6 ne, a bar 2 kilogiram 1.13, a bar 5 kuwa 2.67. Ɗauki bututu mai faɗin santimita 10, tururi yana gudu cikinsa mita 30 a daƙiƙa. A awa guda lita 848,000 za su wuce. Idan matsin bar 5 ne, kilogiram 2,260 ke nan, idan kuwa bar 2 ne, kilogiram 960 kacal, kuma na'urar guguwa za ta ƙirga bugu iri ɗaya a halin biyun. Don haka ake haɗa ta da ma'aunin matsi da na zafi, kwamfuta ta haɗa alƙaluman uku ta fitar da nauyi. Ko hakan ma ana ɗauka ne tururin busasshe ne. Idan kashi 5 cikin 100 nasa ɗigon ruwa ne, to kusan kashi 5 na ɓoyayyen zafin da ake zato babu shi. Shi ya sa ake sa matsamin ruwa kafin na'urar awo.

Sarrafawa

Sakamakon awon yakan bi waya zuwa ɗakin kula da injin. A tsarin da aka fi sani, ƙarfin lantarkin da ke bin wayar yana kaiwa da komowa tsakanin mili'amfiya 4 da 20, inda 4 ke nufin ba gudu, 20 ke nufin gudu ya cika. An zaɓi 4 maimakon sifili da gangan, domin idan aka ga sifili a san waya ce ta tsinke, ba tururi ne ya tsaya ba. Na'urar sarrafawa tana kwatanta abin da aka auna da abin da ake so, sannan ta umarci bawul ya ƙara buɗewa ko ya rage. Tambayoyi uku take yi wa kanta: nawa aka kauce, tun yaushe ake kaucewa, kuma da wane sauri kaucewar ke ƙaruwa. Nicolas Minorsky ne ya tsara lissafin haka a 1922, bayan ya lura da yadda ƙwararrun matuƙa jirgin ruwa ke murza sitiyari.

Ɗalibin ilimin halittu ba baƙo ba ne a nan. Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa kusa da digiri 37. Jijiyoyi suna aunawa, wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yana kwatantawa, sannan ya ba da umarni a yi gumi ko a yi rawar ɗari. Gumi kuwa da ɓoyayyen zafin nan na Black yake sanyaya jiki, haka ma ruwan randa. Walter Cannon ya raɗa wa wannan daidaito na jiki suna a 1926, shekara huɗu bayan aikin Minorsky. A ganina abin takaici ne yadda ake koyar da daidaiton jiki a ajin ilimin halittu, a koyar da ɓoyayyen zafi a ajin fiziks, ɗalibi ya haddace duka biyun ya ci jarrabawa, ba tare da wani ya nuna masa cewa magana ɗaya ake yi ba.

A injin takarda abin da ake nema a ƙarshe shi ne laimar takarda, matsi hanya ce kawai. Saboda haka a ƙarshen gangunan akwai wata na'ura mai zirga-zirga daga wannan gefen takardar zuwa wancan. Tana haska ta da hasken infared, wanda ruwa ke shanyewa sosai a tsawon igiya na maikiromita 1.94, ta haka take sanin yawan laima. Idan laima ta ɗara yadda ake so, sai mai kula da laima ya ɗaga matsin da ake nema, shi kuma mai kula da matsi ya buɗe bawul. Matsalar ita ce jinkiri. Bangon ganga ƙarfe ne mai kauri, yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu ko fiye kafin sauyin matsi ya bayyana a jikin takarda. Injin da ke gudun mita 1,500 a minti, wato kilomita 90 a awa, zai fitar da takarda mai tsawon kilomita 3 a cikin minti biyu. Na'urar da ta yi gaggawa za ta yi ta ƙarawa tana ragewa, laima ta yi ta lilo. Haka nan idan takarda ta tsinke, dole a rage tururi nan take, in ba haka ba gangunan da babu abin da ke shan zafinsu za su yi zafi fiye da kima. Gangunan farko kuma da ƙaramin matsi ake tafiyar da su, don jiƙaƙƙiyar takarda idan ta taɓa ƙarfe mai zafi sosai, zarurrukanta sukan manne su tsige.

Babban abokin gabar ganga shi ne ruwan da tururinta ya koma. Idan ganga tana juyawa da gudu, ruwan yakan manne a bangonta ta ciki, ya zagaye ta. Ƙarfen zubi ya fi ruwa iya wuce da zafi kamar sau saba'in, ke nan ruwa mai kaurin milimita ɗaya yana tare zafi kamar ƙarin ƙarfe mai kaurin santimita 7. Ana zuƙe shi ta wani bututu da ke kusa da bangon, kuma abin da ke tura shi waje shi ne bambancin matsi tsakanin mashigar ganga da mafitarta. Wannan bambanci ma auna shi ake yi, a sarrafa shi. Idan ya yi kaɗan ganga ta cika da ruwa, idan ya yi yawa tururi mai kyau ya bi ruwan ya fice. A manyan bututu kuwa ruwan da ya kwanta haɗari ne ga rai, domin tururi yakan kwashe shi dunƙule guda ya maka shi a kwana da saurin mota, har ƙarfe ya tsage. Don haka ake ɗumama bututu mai sanyi a hankali, kuma ake sa tarkon ruwa a duk inda ya yi kwari.

Inda sheƙin yake fitowa

Busasshiyar takarda har yanzu gona ce mai kunyoyi, sai an cike kwarin. Ana dama farar ƙasa ta kawolin, wadda ake haƙowa da yawa a jihar Jojiya ta Amurka da Cornwall ta Ingila da kuma Birazil, ko niƙaƙƙen alli, a haɗa da sitaci ko wani ruwan roba da zai manne su. Ana shafa wannan kunu a fuskar takarda, wata wuƙa ta kankare rarar, a bar giram kaɗan a kowane murabba'in mita. Ƙwayoyin kawolin falle-falle suke kamar ɓawon kifi, yawancinsu ba su kai maikiromita 2 ba. Busar da wannan shafi yana bukatar natsuwa. Idan aka gaggauta, ruwan da ke fita yakan janyo mannin zuwa sama a wasu wurare fiye da wasu, tawada ta kama dabbare-dabbare a wurin bugu.

Daga nan sai injin guga, wanda shi ne ɗan bugun masana'anta. Naɗe-naɗe ne goma ko goma sha biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, na ƙarfe mai zafi yana biye da mai ɗan taushi, wanda a da da matsattsiyar auduga ake yin sa, yanzu kuwa galibi da roba ta musamman ake lulluɓe shi. Zafi yana tausasa mannin, dannawa tana kwantar da fallayen kawolin su fuskanci sama gaba ɗaya. Ga takardar mujalla wadda ba a yi wa shafi ba, ana fesa mata tururi kai tsaye dab da za ta shiga tsakanin naɗe-naɗen. Tururin yana komawa ruwa a fuskar takardar, ya ba ta laima da zafi a lokaci guda, kuma tun da tazarar ba ta kai daƙiƙa ba, laimar ba ta samun damar kutsawa ciki. Fuska ta yi laushi ta kwanta, ciki ya tsaya da ƙarfinsa. Akwatin fesawar an raba shi gida-gida a faɗin takardar, kowane gida da ɗan bawul ɗinsa, ta yadda idan na'urar zirga-zirga ta ga sheƙi ya ragu a wani layi, wannan gidan kaɗai za a ƙara wa. Idan tururi ya yi yawa zarurruka sukan murƙushe har takardar ta yi duhu-duhu kamar an ɗiga mata mai, kuma ɗigon ruwa guda da ya kuɓuce daga akwatin tabo ne. Ga takarda mai shafi ana taka-tsantsan da fesawa, don jiƙaƙƙen shafi yakan manne wa ƙarfe. Akwai kuma takardar da ta fi kowace sheƙi, wadda ake manna shafinta tun yana da laima a jikin wata ganga mai santsin madubi da aka ɗumama, ya bushe a can ya kwafi santsinta.

Kuskuren laima ba ya tsayawa a masana'anta. Takarda mai shafi idan laimarta ta yi yawa, aka bi da ita ta tandar busar da tawada a babban injin bugu, ruwan da ke ciki yakan zama tururi ya rasa mafita, fuskar ta yi bororo. Idan ta bushe da yawa sai ta yi ƙarfi, ta riƙa mannewa da juna. Masu ɗab'i a Kano da Zariya sun san yadda takarda ke nannaɗewa a hunturu, gefenta kuma ya yi lanƙwasa da damina, domin selulos bai daina shan ruwa da fitar da shi ba don ya zama takarda. Mafi yawan takarda mai sheƙi da suke aiki da ita daga waje ake shigo da ita. Manyan masana'antun da gwamnatin Nijeriya ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin an yi su ne don kwali da takardar jarida da ta rubutu, kuma aikinsu ya durƙushe a shekarun 1990. A Turai ma bukatar takardar mujalla ta ragu ƙwarai tun da karatu ya koma waya da kwamfuta, har kamfanin Stora Enso ya daina yin takarda mai shafi a masana'antarsa ta Oulu a Finland a 2020, ya mai da injin na yin kwalin kaya. Kwali ma da ganguna da tururi ake busar da shi.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa ba ya bukatar kayan tsada. A zuba ruwa kaɗan a buɗaɗɗiyar tukunya bisa wuta mai ci daidai, a duba agogo daga ɗorawa zuwa tafasa, sannan daga tafasa zuwa ƙonewar ruwan ƙurmus. Idan ruwan ya fara daga digiri 30, lissafi ya nuna lokaci na biyu zai ninka na farko kusan sau takwas, ko da yake zafin da tukunyar kanta ke sha da wanda ke zurarewa ta gefe za su ɗan sauya adadin. Kada a bar ɗalibi ya miƙa hannu ko fuska bisa tukunyar. Don nuna dokar faranti mai huda kuwa, a huda doguwar gora ta roba kusa da gindinta, a riƙe tsayin ruwa a santimita 10 bisa hudar ta hanyar ƙara ruwa a kai a kai, a tari abin da ya zuba cikin daƙiƙa 20. Sannan a maimaita da tsayin santimita 40. Matsi ya ninka huɗu, amma ruwan da za a tara ninki biyu kawai zai yi.